Inda Layuka Suka Gamu

Ƙarfe takwas, safiyar Talata,
ɗakin lacca ya cika har bakin taga,
ɗalibi ɗari biyu da 'yan kai, fanka guda,
ita ma tun bara ta shiga yajin aiki.

Na ja layi daga sama ya gangaro,
na ce wannan buƙatar mai saye ce.
Na ja wani daga ƙasa ya haura,
na ce wannan hajar mai sayarwa.
Inda suka gamu na ɗiga alli:
a nan farashi ke zama ya huta.

Shekara goma sha bakwai ina ɗiga ɗigon nan,
ban taɓa cin karo da shi a kasuwa ba.

Barira Sada, layi na uku, jikin bango,
ba mai yawan magana ba ce, ranar ta ɗaga hannu.
"Malam, jiya tiyar gero ta tashi sau biyu,
da hantsi, sai kuma bayan la'asar.
Masu saye ba su ƙaru ba, buhu bai ragu ba.
Wane layin ne ya motsa?"

Na gyara tabarau, na yi gyaran murya.
Na ce kuɗin mota, na ce man fetur,
na ce canjin sefa a bakin iyaka,
na ce manomin da ya bar gonarsa
tun da barci ya koma na ido ɗaya.
Na ce mai kaya in ya jiyo ƙishin-ƙishin
sai ya ɗora wa yau kuɗin gobe.
Ta rubuta duka.
Ba ta ce ta gamsu ba.

Wata ya kai ashirin da uku,
albashi ya ƙare tun ran goma sha.
Da yamma na tura tsohon mashin ɗina
na nufi Ƙofar Ƙwaya,
rumfar mai awon da ke ba ni bashi,
na ajiye digirina uku a bakin kwata.

Dattijon na alwala.
A kan benci, riƙe da littafin bashi,
wa zan gani?

Ta rusuna ta gaishe ni, ta buɗe shafi,
ba ta ko yi lalube ba.
Sunana na nan, tsakanin wani tela
da wata mai ƙosai ta Rafindadi.
Bashi hanji ne, na sani,
amma ban so ɗalibata ta ga nawa ba.

"Tiya huɗu," na ce wa buhun.

Ta auna, ta yi tozo, ta ƙara ɗan hannu,
sannan a hankali, don kada uban ya ji:
"Malam, ka ce nairar yau ta fi ta gobe.
Baba na rubuta maka farashin yau,
ka biya ƙarshen wata, ba ko sisi a kai.
In na bi darasin makon jiya,
faɗuwa yake yi."

Ashe ya ji.
Ya yarfe ruwan hannunsa, ya ce,
"Ke dai rubuta.
Gero na ƙarewa, mutum ba ya ƙarewa."

Da dare ba wuta. Na ci tuwon geron,
na kunna fitilar waya, na jawo takardun gwaji.
Ta arba'in da ɗaya tata ce.
Tambaya ta huɗu: bayyana darajar kuɗi da lokaci.
Lissafinta bai da tangarɗa,
rubutun nan dai da ya rubuta sunana.

Na ba ta sha takwas cikin ashirin.
Biyun da na riƙe, na daɗe ina neman dalilinsu.

Jibi akwai lacca.
Zan sake jan layukan, manhaja ce ta ce,
sai dai zan bar fili a gefen allo
faɗin tafin hannu,
ban san me zan zana a ciki ba tukuna.